Abu na Biyar a Takardar Malama

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na zama kaka. Bari in sake rubutawa, ko littafin nan bai ji da kyau ba: na zama kaka! Namiji ne. Jiya da la'asar Malama ta sauka lafiya, alhamdu lillahi.

Malama ita ce 'yata, ita kaɗai Allah ya bar mana. Tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, amma ba don haka nake kiran ta Malama ba. Ita ta kai ni ajin yamma ina da shekara hamsin da takwas, ta zaunar da ni tsakanin wani mai gadi da wata mai sayar da gawayi, ta ce ba zan tashi ba sai na iya karanta lambobin da ke jikin tef ɗina na awo. Ita kuma ta sayo mini littafin nan, ta ce in riƙa rubuta ko layi ɗaya ne a rana don kada hannu ya manta.

Da aka miƙo mini yaron, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Na zaro tef na auna shi daga ka zuwa diddige. Inci goma sha tara cif. Nas ta ce, "Haba Baba, wannan ai ba katako ba ne." Na ce ko katako ban taɓa samun mai kyansa ba.

Tsohuwata ta karɓe shi tana rawa da kafaɗa. Ta ce, "Kafinta, ka ga na yi sabon miji, mai gashi ma. Kai sai ka nemi na yi." Na ce mijin da ba shi da haƙori ko ɗaya, mu ga abin da zai ciyar da ke. Malama tana kwance tana dariya, tana cewa mu bari, dariya na ja mata ɗinki.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na sauko da katakon. Shekara talatin da ɗaya yana saman rufin ɗakin aikina, ragowar wanda na yi wa Malama gadon jariri da shi. Faɗinsa inci goma sha biyu, bai tanƙware ba, ƙwaro bai taɓa shi ba. Da shi zan yi kai da ƙafar gadon jikana.

Matsalar hannuna ce. Tun bara yake rawa, zarton hannu ya daina bin layi. Shi ya sa muka yi shawarar in sayi injin zarto mai zamiya, irin wanda kansa yake tafiya gaba da baya a kan sanduna, ya ratsa katako mai faɗi, a kuma juya shi ya yanka kusurwa. Mako biyu da suka wuce Malama ta zauna a kujerarta ta ɗakin aiki, ciki ya kai mata gwiwa, ta rubuta mini abin da zan duba. Ga takardar na kwafa:

1. Ya iya ratsa inci goma sha biyu a ja ɗaya.
2. Ya kasance da birki, faifan zarton ya tsaya da zarar ka saki.
3. Jakar ƙura, saboda tarinka.
4. Sandunan su tafi gaba, ba baya ba, don bango ya matse teburinka.
5. Mai mariƙi da hannayen gefe masu tallafe katako, don ba kullum nake nan ba.

A kan na biyar muka yi faɗa. Tun tana shekara shida ita take riƙe mini bakin katako idan zan yanka. Ko da ta yi aure, duk Asabar tana zuwa. Na ce ina da mai riƙe mini, me zan yi da ƙarfe? Ta ce, "Baba, ni fa da jariri zan dawo." Na ce to sai ki goya shi ki riƙe. Na ninke takardar daidai kan layin nan, na sa a aljihu.

Yau a asibiti ta ce kada in kuskura in saya sai ta fito mun je tare, wai za a ga tsoho a liƙa mini wanda ya kwana a shago. Ta ce kanta yana ɗan sara mata. Tsohuwa ta ce rashin barci ne.

Gobe za a sallame su.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ba a sallame su ba. Mun je da motar haya da bargon yaro, muka tarar gadonta an cire zanin. An mayar da ita ɗakin sama, inda ake cire takalmi a ƙofa. Likita ya yi wa surukina bayani a tsaye, ya faɗi wata kalma mai tsawo. Ban tambayi yadda ake rubuta ta ba.

Yaron lafiyarsa lau. Ya yi atishawa sau biyu.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe uku na rana

Minti goma ake ba mutum a ɗakin sama, sau biyu a rana, ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe huɗu. Tsakanin su ba abin yi sai zama a benci. Bencin ma wanda ya yi shi bai sa gam ba, ƙusa kawai ya buga, yana ta kuka duk wanda ya motsa. Na kasa zama, na fita.

Ashe a layin bayan asibiti akwai shagon injuna. Mai shagon wani ƙato ne mai tumbi, maƙwabtansa suna kiran sa Rediyo, kuma kafin in gama sallama na gane dalili.

"Baba Kafinta! Daga hannunka na gane ka. Me za a ba ka? Mai inci goma ko mai goma sha biyu? Kada ka ce komai, zo ka ja wannan ka ji. Ka ji? Kamar man shanu a tukunya mai zafi."

Guda huɗu yake da su masu zamiya. Na ja kowanne. Ɗaya yana ɗan girgiza idan ya kai ƙarshen sanda, na ture shi gefe ɗaya da yatsa ya motsa. Wannan ba zai yi kusurwa mai kyau ba, na cire shi daga lissafi. Na karanta lambobin da ke jikin farantin auna kusurwa da kaina, sifili, sha biyar, ashirin da biyu da rabi, arba'in da biyar. Rediyo ya ce ashe Baba ɗan boko ne. Na ce ɗan ajin yamma dai.

Ya ce a naɗe mini wanne? Na ce ina jiran wata, tare za mu zaɓa.

Ƙarfe huɗu ya kusa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tana barci. Likitoci sun ce su suka sa ta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

An ba mu yaron mun taho da shi gida. Surukina ba ya barin asibiti, mahaifiyarsa kuma ta rasu da daɗewa, don haka sai wurinmu. Ya ce ba zai sa masa suna ba sai uwarsa ta farka, don ita ta ce ta zaɓa, ta ƙi gaya masa. Ni dai Sha Tara nake kiran sa.

Tsohuwa tana tsoron ta kwanta da shi a gado ta danne shi, barcinta nauyi gare shi. Sai ta zaro durowar ƙasa ta kabad, ta juye zannuwanta, ta shimfiɗa bargo ta kwantar da shi a ciki. Jikan kafinta a durowa! Na ce idan abokan sana'a suka ji wannan na shiga uku. Ta ce, "To wa ya hana ka yin gadon? Wata tara kana kallon cikin."

Ni na yi kabad ɗin. Cikin durowar inci ashirin da ɗaya ne. Akwai sauran wuri.

Yau Asabar. Na buɗe ɗakin aiki na share, na rufe.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je da awon ɗakin aikina. Daga bakin tebur zuwa bango inci talatin ne kawai. Babban injin, mai faifai inci goma sha biyu, sandunansa baya suke fita, sai na fasa bango kafin ya zauna. Malama ta yi gaskiya a kan na huɗu. Saura biyu ke nan, shuɗi da rawaya. Duka suna da birki, duka suna da jakar ƙura, duka sun ratsa guntun katakon da na je da shi.

Rediyo ya dafa rawayan. "Wannan shi ne naka, Baba. Dubi nan. Ka zaro hannun dama, ka zaro na hagu, su ɗauki katako komai tsawonsa. Ka murza wannan mariƙin ya danne. Shi ke nan. Ba ka bukatar kowa. Ko duk gidan sun tafi sun bar ka, aikinka ba zai tsaya ba."

Na ce shuɗin nake so.

"Shuɗin tsirara yake, Baba, ba hannu ba mariƙi. Sai an riƙe maka."

Na ce na sani.

Ya dube ni, ya dubi takardar shiga asibiti da ke leƙowa daga aljihun rigata, sai ya ce bari ya kawo mini kujera.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sha Tara ya kama mini ɗan yatsa da safen nan, wanda guduma ta fasa wa farce, ya ƙi saki. Ƙarfi gare shi kamar uwarsa. Na yi ta dariya ni kaɗai, ina ce masa ɓarawon mata, ka ƙwace mini tsohuwa yanzu kuma yatsa kake so. Har waƙa na yi masa. Ban san na iya waƙa ba.

Ina ɗagowa na ga surukina tsaye a bakin ƙofa, ya zo canza riga. Ban san tun yaushe yake nan ba. Na ji kunya kamar an kama ni da hannu a tukunya. Ya ce, "Ci gaba, Baba. Gara a samu mai yi masa dariya."

Ban san yadda zuciya ɗaya take ɗaukar abu biyu ba. Idan na ɗauki yaron nan daɗi nake ji har cikin ƙashina, ba zan yi ƙarya a littafin da ita ta ba ni ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Nas ta ce in riƙa yi mata magana, wai wani lokaci suna ji. Na tsaya ba takalmi. Sai na ba ta labarin zarto. Na ce shuɗin faifansa haƙora sittin ne, ba zai yage fuskar katako ba. Na ce yana da wani jan haske mai nuna inda zai yanka, amma ni ban yarda da shi ba, fensir ɗina ya fi shi gaskiya. Na ce mai shagon ya fi ki surutu. Na ce ɗanki yana kwana a durowa, ki tashi ki ga abin kunya.

An aske mata gashi ta gefe ɗaya. Ban gaya wa tsohuwa ba. Ita ma ta gani da safe, ba ta gaya mini ba.

Minti goma ba shi da yawa, amma yau ya yi mini tsawo.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na ce bari in rage aiki, in yanka sandunan gefen gadon da zarton hannu, tunda su sirara ne. Surukina ya shigo, ya ce zai riƙe mini. Yaron kirki ne, a gidan ruwa yake aiki, amma bai taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba.

Ya riƙe da dukan ƙarfinsa, ya danna ƙasa, katako ya buɗe baki zai tsage. Na ce sassauta. Ya ɗaga sama, katako ya cije zarto. Na ce ba haka ba. Ya ce to yaya take yi?

Na buɗe baki in gaya masa, na ga ban sani ba. Ban taɓa koya mata ba. Nakan ce "Riƙe," ta riƙe. Ba ta dannawa, ba ta ɗagawa, tana jin tafiyar zarton a tafin hannunta, idan ya kusa fita sai ta karɓi nauyin kaɗan kaɗan. Guntun bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Idan na gama sai in ce, "To, saki." Shekara ashirin da biyar ke nan, ban taɓa juyowa na ga yadda take yi ba. Idona yana kan layi.

Surukina ya zauna a kan kujerarta ya rufe fuska. Ya ce garin katako ne ya shiga masa ido. Na ce haka yake yi wa baƙo. Na ba shi tsumma mai tsabta, na juya na yi ta gyara ƙusoshin da ba su bukatar gyara.

Sanda biyu muka ɓata.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Inci ashirin. Tsohuwa ta ce in daina auna mata miji.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta buɗe ido! Allah mun gode maka. Ta buɗe ido, ta gane ni!

Bari in rubuta a hankali. Na shiga ƙarfe huɗu, na fara labarina na zarto, sai na ga tana kallo na. An cire mata abin da ke bakinta. Muryar ba tata ba ce, kamar ana jan sanfefa a kan katako, kuma gefe ɗaya na bakin ba ya tashi. Amma ita ce.

Ta ce, "Yaron?"

Na ce yana nan ya ƙwace gida, inci ashirin, ci kamar gara.

Ta yi wani abu da baki, na san dariya ce. Ta daɗe tana tara numfashi. Sai ta ce, "Ka saya?"

Na ce ina jiran ki, ba ke kika ce za a cuce ni ba? Na ce na ma zaɓa, shuɗi ne, ki fito kawai ki sa albarka.

Ta ce, "Na biyar."

Na ce ke dai ki warke tukuna.

Hannunta na dama yana kan nawa. Ta matse. Ba da ƙarfi ba, ba kuma sako-sako ba. Ta sake cewa, "Baba. Na biyar." Na ce to, to, na ji, Malama, ba sai kin kai ni gaban allo ba. Nas ta zo ta ce lokaci ya yi.

Na manta takalmina a ƙofa, sai da na kai ƙasan bene mai gadi ya nuna mini ƙafata.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na gaya wa Rediyo. Ya fito daga bayan kanta ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ya aika a sayo lemo ya raba wa duk layin. Na ce ya ajiye mini shuɗin, kada ya sayar wa kowa, mai riƙewa ta kusa dawowa. Ya liƙa takarda a jikinsa ya rubuta "na Baba Kafinta".

Likita bai yi murna kamar mu ba. Ya ce a dai ci gaba da addu'a. Su haka suke, ba sa son a ce sun yi alkawari.

Na goge kujerarta, na ƙara mata matashi. Mijinta ya ce ta gaya masa sunan yaron a kunne, ya ce ba zai faɗa ba sai ta dawo gida ta faɗa da bakinta. Gobe an yarda mu kai mata shi ta gani ta gilashi. Tsohuwa tana ta guga 'yan rigunansa, ta rasa wacce za ta sa masa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na safe

An kira waya. An ce mu zo yanzu, kada mu jira ƙarfe goma sha ɗaya. An ce ba sai mun zo da yaron ba.

Juma'a, 21 ga wata

An aro tabarmi daga maƙwabta don masu ta'aziyya. Har ƙofar ɗakin aiki an shimfiɗa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Malama ta ce in riƙa rubuta ko layi ɗaya ne.

Mutane sun ragu. 'Yan ajinta sun zo da rigunan makaranta, sun tsaya a jere a tsakar gida. Mai gadin nan da muka yi ajin yamma tare ya zo, ya zauna kusa da ni tun safe har azahar, bai ce komai ba, ya tashi ya tafi. Shi ya fi kowa iya gaisuwa.

Kowa yana cewa in yi haƙuri. Ina yi. Ban san yadda ake gane an gama ba.

Yaron ba ruwansa. Yana shan madararsa, yana miƙa, yana ɓata fuska kamar wani alƙali. Ɗazu ya yi gyatsa mai ƙarfi a tsakiyar masu zaman shiru, sai da wata gwaggo ta yi dariya ta toshe baki. Ni ma na yi. Allah ya yafe mini, na yi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tsohuwa ta same ni zaune a ɗakin aiki. Shekara arba'in ba ta wuce bakin ƙofar nan ba, wai ƙura tana sa ta atishawa. Yau ta shigo har ciki.

Ta ce, "Kafinta, mijina yana buga kai a durowa."

Na ce saura rabin inci.

"Da bargon ka auna?"



Ta ce, "Ni ba zan iya riƙe maka ba, hannuna yana wurin yaro. Mijin Malama kuwa ka ga yadda kuka yi. Me ta ce maka ran nan? Ka fito kana murna ba takalmi, amma ba ka gaya mini duka ba."

Na zaro takardar na ba ta. Ba ta karatu, ta ƙi bin mu ajin yamma, ta ce ɗalibi ɗaya ya ishi gida. Ta juya takardar, ta ga inda na ninke, ta buɗe ta miƙo mini. Ta ce, "Karanta mini na ƙasan."

Na karanta mata. Na kai ƙarshe da ƙyar.

Ta share hanci da bakin zani. Ta ce, "Tun tana ƙarama in ta faɗi abu sai ka yi musu, daga baya ka yi. To ka yi musun, ya isa."

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na bi ta wata hanya don kada in wuce ƙofar asibitin.

Rediyo yana ganina ya taso da fara'a, yana leƙa bayana ya ga ko da wa na zo. Ba kowa. Ya tsaya. Tunda na san shi ban taɓa jin shagon nan shiru ba sai yau.

Ya ɗauko shuɗin da takardarsa a jiki. Na ce a'a, rawayan.

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ɓare takardar a hankali, ya mayar da ita jikin rawayan. Na shimfiɗa takardar Malama a kan kanta, muka bi ta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda za ta yi. Ya ratsa inci goma sha biyu. Na saki maɓalli, faifan ya tsaya kafin in ƙirga uku. Jakar ƙura tana nan. Sanduna gaba suke tafiya. Na ɗora sukwayata ta gwada kusurwa a jikin faifan, ba haske tsakaninsu. Sai Rediyo ya zaro hannun dama, ya zaro na hagu, ya nuna mini yadda ake murza mariƙin. Ya nuna sau biyu, da ƙaramar murya.

Ya rufe shago da rana tsaka, ya sa injin a motarsa ya kawo ni har gida. Da zai tafi ya roƙa a nuna masa yaron. Ya ɗauke shi a tafin hannu ɗaya ya ce, "Kai ne ka tayar da tsoho tsaye haka?" Sha Tara ya yi masa fitsari a riga. Na ce ya biya ka kuɗin mota.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Jiya na ɗaure injin a tebur. Da na zaro hannun hagu sai ya zo daidai kan kujerarta, ya hana shi fita duka. Taku ɗaya kawai ake bukata in matsar da kujerar. Na kwance injin, na kwashe kayan da ke kan tebur, na ja teburin zuwa dama. Ya ci mini yini guda, bayana yana ta ciwo. Kujerar tana inda take.

Yau da safe na sake awo. Na so in yi gadon inci talatin da shida kamar nata, sai na ƙara shida, yaron nan ba mai tsayawa ba ne. Na ɗauko katakon shekara talatin da ɗaya, na ja layi da fensir, na kwantar da shi. Hannun ƙarfen ya ɗauki bakinsa. Na murza mariƙi ya danne. Na girgiza, bai motsa ba.

Na kama hannun zarton, na jawo shi gabana, na ce, "Riƙe."

Da ƙarfi na faɗa. Ban yi niyya ba, bakin ne ya saba.

Ya shiga katakon kamar ba katako ba. Ja ɗaya. Fuskar yankan sumul, ko sanfefa ba ta bukata. A rayuwata ban taɓa yin yanka mai kyan wannan ba, kuma guntun bai faɗi ba, yana kwance a kan hannun ƙarfen. Ta yi gaskiya a kan duka biyar ɗin.

Faifan ya tsaya. Na tsaya ni ma, idona a kan layi, ban juya hagu ba. Na daɗe a haka. Ƙurar tana sauka a hankali cikin hasken taga.

Na ce, "To, saki."

Sai na zagaya na kwance mariƙin da kaina.

Daga cikin gida tsohuwa tana kira, wai ƙarar injina ta tayar mata da miji, in zo in karɓi abin da na jawo. Ubansa ma ya iso, ya ce yau zai gaya mana sunan. Bari in wanke hannu. Saura yanka bakwai, sai bayan ya koma barci.